Daren da na danne kalangu

Shekara huɗu ina bin maigidana muna ɗaukar lasifika a Kumasi, daga bikin suna zuwa jana'izar Asantawa, kafin ya yarda ya bar mini na'urar haɗa sauti ni kaɗai. Aikin farko da ya faɗo hannuna shi ne daren tunawa da Mamman Shata a Aboabo, kujerun roba har bakin titi.

Da kunnen highlife, kiɗan zamani na Ghana, na zo. In ana tuna gwanin highlife E.T. Mensah, sautin ƙaho da jita ake ɗagawa, jama'a su taka. Haka na yi a nan. Na ɗaga fiyano, na ba mawaƙin makirufo mafi kyau, 'yan amshi huɗu kuwa na cusa su a guda ɗaya can baya. Kalangu ban ma kula shi ba, a ganina ai ganga ce kawai.

Ba a gama waƙa ta biyu ba wani dattijo ya taso da carbi a hannu ya dafa teburina.

"Yaro, ka rufe wa kalangu baki. Magana yake yi, ba ka ji?"

"Baba, a yi haƙuri," na ce, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya nuna mini hammatar makaɗin, yadda yake matse igiyoyin murya ta hau, ya sassauta ta sauka. Da na rage fiyanon na matsar da makirufo kusa da fatar, sai na ji kalangun yana ba mawaƙin amsa. Ashe waƙar Shata a kan kalangu da amshi take tsaye, sauran duk ado ne, kuma adon namu ne na zamani.

Tsakanin waƙoƙi mai gabatarwa yana ba da tarihin Shata: haihuwarsa a Musawa, digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi a 1988, rasuwarsa a 1999. Da can nakan sa kiɗa a ƙarƙashin irin wannan jawabi don kada wuri ya yi shiru. Ran nan na kashe. Sai ga tsofaffi, waɗanda da yawansu a Zango aka haife su, a kaset da rediyo suka san Shata, suna yi wa mai gabatarwar gyara daga kujerunsu, suna ƙarasa masa baiti in ya kakare.

Makirufo ɗaya ya rage mini a jaka. Na ɗaura shi a sandar rumfa, na juya shi wajen jama'a.