Yadda na koyi waƙar ɗakin ibadar Sarki Louis na 14

Ni dai a kwayar cocinmu na taso tun ina yaro, kuma a gida in ana waƙa to ana waƙa ne, ka buɗe maƙogwaro ka saki murya har a ji ka a bakin titi. Da karatu ya kai ni Faransa sai kewa ta sa na nemi wata ƙungiyar mawaƙa ta 'yan sa-kai a unguwarmu, na tarar suna shirin wata waƙa mai suna De profundis ta Michel-Richard de Lalande, wadda ya rubuta a 1689. Madam ɗin da ke jagorantarmu ta saurari muryata ta ce to kai ka wuce layin haute-contre, wato maza masu siririyar murya ta sama, wai dama su ne kullum ake nema ba a samu.

Irin wannan waƙa Faransawa na ce mata grand motet, babbar waƙar ibada ce da Latin, yawanci daga Zabura ake ɗauko kalmomin, kuma asalinta don sarki aka yi ta. Louis na 14 kusan kullum yana zuwa ibada, firist na gaban bagade yana karatunsa a hankali, su kuma mawaƙa da masu goge da sarewa suna sama suna aikinsu. Ka ga kenan ba su da lokaci mai yawa, babbar waƙar sai ta ƙare kafin firist ya ɗaga gurasar tarayya, sannan a yi wata 'yar ƙarama, a rufe da addu'ar Allah ya kiyaye sarki. Da Madam ta yi mana wannan bayani sai na gane dalilin da ya sa waƙar take a yanke gunduwa-gunduwa, aya ɗaya mutum ɗaya ya rera, ta gaba mutum biyu ko uku, sai kwatsam dukkanmu mu shigo, babu inda ake ɓata lokaci.

Shi Lalande ɗin ma gasa ya ci ya samu aikin jagorantar waƙa a ɗakin ibadar sarki. A 1683, shekara ɗaya bayan fada ta koma Versailles, sarki ya sa aka yi gasa aka ɗauki mutum huɗu, shi da Collasse da Minoret da Goupillet, kowa ya riƙe wata uku a shekara. Charpentier, wani mai tsara waƙa da mutane da yawa suka fi sani yanzu, rashin lafiya ta fitar da shi daga gasar. A hankali Lalande ya karɓe duka watannin, ya rubuta irin waɗannan waƙoƙi sama da 70, kuma bayan rasuwarsa a 1726 aka buga 40 daga ciki.

Abu na farko da ya ba ni aiki shi ne lafazi. Latin ɗin da na saba ji a coci da bakin Italiya ake yinsa, amma nan da bakin Faransawa ake furtawa, u ɗin a tsuke leɓe, wasu wasulan ta hanci, gaskiya da farko kunnena bai so ba sam. Sai da muka jima sannan na ji cewa waƙar ta fi zama daidai a haka, don da wannan bakin mutumin ya ji ta a kansa lokacin da yake rubutawa. Na biyu kuma abin da ke takarda ba shi ne daidai abin da za ka rera ba, in ka ga ƙananan notoci a jere tsayinsu ɗaya to ba za ka yi su ɗaya ba, na farko ka ɗan ja shi na biyu ka ɗan taƙaita, su riƙa rangwaɗa, kuma babu wanda zai auna maka yawan jan, sai dai ka saurari na kusa da kai ku daidaita. Ga kuma wata 'yar alama kamar ta tarawa a saman noto, ma'anarta ka karkaɗa murya a wurin, mu goma sha ka ce mu karkaɗa tare, ai sai an sha wuya.

Amma babban darasin shi ne riƙe murya. Murya biyar ake raba kwayar, tamu tana tsakiya, in ka danna ƙarfi sai ka binne na ƙasa da kai kuma ka ture matan da ke sama. Madam takan sa mu ajiye waƙa gaba ɗaya mu karanta ayar da baki kawai, kamar mai magana a gaban babban mutum, mu ji inda nauyin kalma yake, sannan mu mayar da waƙar a kai. Zabura ta 130 ce, wadda ke cewa daga can cikin zurfi na yi kira gare ka ya Ubangiji, in laifi za ka ƙirga wa zai iya tsayawa. Masu goge ne ke buɗewa a hankali, sai namiji ɗaya mai murya ta ƙasa ya fara kiran shi kaɗai, mu muna tsaye muna jira, kuma wallahi wannan jiran yana cikin waƙar, domin in ba ka saurare shi da gaske ba shigowarka ba za ta yi ma'ana ba. A ƙarshe Lalande ya haɗa da addu'ar hutu ga mamata, a nan ne muryoyi ke bin juna ɗaya bayan ɗaya, kuma wurin da na fi so kenan duk da shi ya fi wuya.

Kafin ranar da za mu rera na je Versailles na leƙa ɗakin ibadar. Wanda yake tsaye yanzu a 1710 aka gama shi, saboda haka waƙarmu ta girme shi. Duk da haka tsarin ya nuna min komai, benen sarki a wannan gefe, ogan, wato babban abin kiɗan coci, da wurin mawaƙa a can saman bagade suna fuskantarsa, rufin kuma dogo sosai. A wuri irin wannan amo na daɗewa, in ka yi ihu kalmomi cakuɗewa za su yi. Wani zai ce ai waƙar fada ce, ta nuna isa da mulki, kuma akwai gaskiya a ciki, sarkin ya so a ga girmansa. Ni dai da na tsaya a cikinta na rera, roƙon gafara na ji, na mutum mai tsoron Allah.

Wanda ke son gwadawa, shawarata ya fara nemo fassarar Zaburar ya karanta ta har ta zauna, sannan ya saurara. In kuma rerawa za ku yi ku sauke sautin ƙasa da yadda fiyano yake, masu kayan kiɗa irin na da kusan mataki guda suke saukewa, mu 'yan layin sama shi ya cece mu. Yanzu Te Deum, waƙar yabon Allah ta Lully, wani mai tsara waƙa a fadar sarkin, muka sa gaba, wadda a wurin jagorantarta ne a 1687 ya buge ƙafarsa da sandar da yake buga lokaci da ita, ciwon ya ruɓe ya yi ajalinsa. Ita akwai kakaki da ganguna, kuma Madam ta riga ta gargaɗe mu cewa ko a nan ma ba a yarda kowa ya yi ihu ba.