Jan yauƙi a tankin murjani

Sana'ata kafa tankunan gilashi na ruwan gishiri da kula da su, irin waɗanda ake raya murjani, wata halittar teku mai rai mai kama da rassan dutse, da kifin teku a ciki. Mu uku ne, ni da yarana biyu. Mai kallo daga waje yana zaton aikinmu jera duwatsu ne da zaɓen kifi masu launi. Wannan na ranar farko ne kawai. Yawancin kiran da ke shigowa wayata a kan gansakuka ne, kuma kusan kullum maganar ɗaya ce: "Malam, wane magani zan zuba?"

Ba na amsawa sai na ga tankin da idona, don abin da mutane ke kira gansakuka ba abu ɗaya ba ne. Ƙura mai ruwan ƙasa da ke rufe gilashin sabon tanki dayatom ce, wasu ƙananan halittu, silika take ci, wato sinadarin da ke cikin yashi, idan ta cinye sai ta baje da kanta cikin makonni. Koriyar nan mai kama da gashi tana kama dutse da ƙarfi. Akwai mai ƙwallo-ƙwallo kamar koren dutsen ado. Sai kuma wadda ta fi tayar wa mutane da hankali, jan yauƙi da ke shimfiɗuwa a kan yashi kamar bargo, da 'yan ƙwayoyin iska a maƙale a jikinsa. Wannan ba tsiro ba ne ma. Bakteriya ce, sayanobakteriya, mu muna ce mata sayano. Da haske take haɗa abincinta, iskar da kake gani oksijin ce take fitarwa. Danginta ne suka cika sararin duniya da oksijin kimanin shekara biliyan 2.4 da suka wuce, shi ya sa nake gaya wa yarana su daina tunanin za su shafe ta daga tanki. Tana nan kullum. Abin da muke hanawa shi ne ta samu fili.

Idan na isa, kafin in taɓa komai sai in auna. Gishiri ya tsaya a 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa, zafi tsakanin digiri 24 da 26. Naitiret da fosfet sinadarai ne da ke fitowa daga ragowar abinci da kashin kifi, su gansakuka ke ci; naitiret ina son in gan shi tsakanin 2 da 10 cikin miliyan, fosfet kuma 0.03 zuwa 0.1. Daga nan sai in nemi ganin ruwan da ake cike tankin da shi. A nan asiri ke yawan tonuwa. Ruwan famfo yana shigo da fosfet da silika, kuma idan ruwa ya ƙafe, shi kaɗai ke tafiya, dattin yana nan yana taruwa. Ruwan da aka tace da matatar RO/DI, mai cire sinadaran da suka narke a ruwa, har ma'aunin dattinsa ya nuna 0, shi kaɗai nake yarda da shi. Na sha samun mai tanki yana da matatar, amma shekara guda bai canza cikinta ba.

Ma'auni ma yana yaudara. Tanki ya cika da koren gashi, fosfet ya nuna sifili, mai shi ya ce ai ruwansa tas yake. Gansakukar ce ke zuƙe shi kafin ya kai kwalbar gwaji. Dutse ma yana shan fosfet ya riƙe, daga baya ya riƙa sakinsa a hankali wata da watanni.

Sai aikin hannu, wanda babu mai son ji. Mu sa siririn tiyo mu zuƙe jan bargon daga kan yashi zuwa bokiti, mu tuge gashin da yatsu, mu goge dutse da buroshi, mu canza kashi 10 cikin 100 na ruwan kowane mako. Sayano tana son lungun da ruwa ke kwance datti na taruwa, don haka sai mu juya bakin injin tura ruwa ya riƙa hura wurin. Mu wanke na'urar kumfa, wadda ke fitar da datti kafin ya ruɓe. Mu rage fitila zuwa awa 8 ko 9. Mu kuma zauna da mai tankin a kan yadda yake ciyar da kifi, wanda shi ne mafi wuya, domin mutum yana zuba abinci ne saboda ƙauna, kai kuma kana ce masa ya rage.

Muna da abokan aiki a cikin ruwan. Dodon koɗi irin Trochus yana kiwo a kan dutse da gilashi, kuma idan ya kife yana iya miƙewa da kansa. Bushiyar teku tana aske dutse sosai. Ƙaramar koriyar ƙaguwa takan ci mai ƙwallo-ƙwallo. Amma dogon gashi ba sa iya shi sai an rage musu, sayano kuwa kusan babu mai taɓa ta. A wani ƙaramin tanki da ke haɗe da babban ta ƙarƙashi nakan shuka Chaetomorpha, wata irin gansakuka, a kunna mata fitila da dare, ta ci abin da gansakukar sama za ta ci, mu yanke mu zubar.

Kuskuren da ya fi ci mini rai na yi shi ne a farkon sana'ar, a tankin wani dattijo da ya damƙa mini amana. Sayano ta dame shi, ni kuma na ɗauka in na hana ta abinci baki ɗaya shi ke nan. Na cika matatar tankin da wani garin ƙarfe mai tsotse fosfet, na yawaita canza ruwa, har naitiret da fosfet duka suka koma sifili. Ja ya tafi. Bayan kamar mako biyu sai ga wani yauƙi mai ruwan ƙasa, zare-zare, da iska a bakin kowane zare. Dainofilajelet ne, wata ƙaramar halitta daban, kuma wasu irinsa dafi gare su. Dodon koɗi suka fara mutuwa, murjani ya koɗe, domin 'yan halittun da ke zaune cikin naman murjani suna ciyar da shi su ma suna bukatar ɗan naitiret da fosfet. Garin neman ƙiba na samo rama. Na je na ce masa, "Baba, laifina ne, a ba ni lokaci in gyara, ba zan karɓi komai ba." Ya ce, "Yi aikinka, ɗana." Wata uku na yi ina mayar da abin da na kwashe kaɗan-kaɗan kafin tankin ya dawo hayyacinsa. Wani reshen murjani da dattijon ya shekara biyar yana raino bai tashi ba, kuma har yau ina jin sa a raina.

Magani yana da ranarsa. Bryopsis, wata gansakuka mai kama da gashin tsuntsu, dabbobi ba su cika cin ta ba, fulukonazol kuwa yana kashe ta. Ana kashe sayano da eritromaisin ko da rufe tanki cikin duhu kwana 3. Nakan yi, amma sai bayan an gyara ruwa da gudunsa, kuma sai na ƙara iska, domin idan ta mutu lokaci guda ruɓewarta na janye oksijin, kifi su kwana suna haki a sama. Wanda ya zuba magani bai taɓa tushen ba, ja zai dawo masa, kuma ya raunana bakteriya masu amfani.

Wannan tsarin yana sa in rasa ciniki. Wasu suna jin na ce mako shida zuwa takwas sai su nemi wanda zai yi musu alkawarin kwana biyu. Waɗanda suka tsaya, nakan bar musu ɗan littafi kusa da tanki, su riƙa rubuta ranar gwaji, lambobin da suka samu, da duk abin da suka zuba ko suka canza. Idan na dawo ziyara ta gaba, shi nake fara buɗewa, sannan yarona ya ɗauko tiyo da bokiti.