Tafiyata jihar New Mexico ta Amurka wajen masu sauraron sama

Daga garin Socorro muka kama hanya mai lamba 60 muka yi yamma, tafiyar kusan kilomita 80, ba kowa sai shanu da ciyawa. Can sai ga fararen farantai 27 a tsaye a fili, kowanne faɗinsa mita 25. Wannan ita ce tashar VLA, inda ake sauraron siginar rediyo da ke zuwa daga sararin samaniya. Tun daga ƙofa aka ce a kashe waya, domin siginar wayar aljihu kan rufe abin da farantan ke saurare. Kowa ya kashe ba gardama, abin da ban cika gani a gida ba.

Wani dattijo mai zagayawa da baƙi ya tsaya da mu cikin sanyi, ba ya ƙosawa da tambaya. Da na kawo zancen yadda aka auna motsin wani gungun taurari mai suna M33, sai ya ce wannan aikin wata na'ura ne daban, VLBA: farantai 10 da aka baza daga Hawai har tsibirin St. Croix da ke tekun Karibiyan, suna aiki tamkar faranti guda mai faɗin sama da kilomita 8,000. Kowanne na da agogon atom mai tsananin daidaiton lokaci, a Socorro kuma ake haɗa bayanansu.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ruwa suka bi. A cikin M33 akwai gajimaren tururin ruwa masu fitar da siginar rediyo mai ƙarfi. Masana suka riƙa auna matsayinsu shekara da shekara, suna kwatantawa da wasu abubuwa masu tsananin nisa da ba a ganin motsinsu. A 2005 su Andreas Brunthaler da Mark Reid suka sanar cewa M33 na gudun kimanin kilomita 190 a daƙiƙa idan aka gwada da gungunmu, wato gungun taurarin da duniyarmu ke ciki. Hasken M33 sai ya shafe shekaru sama da miliyan 2 kafin ya iso mu, shi ya sa duk wannan gudun ɗan gusawa ne da ido ba zai taɓa kamawa ba. Tun shekarun 1920 masanin taurari Adriaan van Maanen ya ce ya ga irin waɗannan gungu na juyawa, daga baya aka gano kuskuren awo ne.

Washegari muka leƙa Pie Town, inda ɗaya daga farantan 10 yake, shi kaɗai a jeji. Abinci a hanyar nan da tsada, ga kuɗin goron ma'aikaci da ya zama kamar dole, ko an kyautata maka ko ba a kyautata ba. Da yamma muka koma Albuquerque.