Abin da kalmar "condone" take nufi, da inda ta rabu da yafiya

Duk wanda yake karanta sanarwar hukumomi da Turanci a Najeriya ya saba cin karo da kalmar "condone", musamman idan kakakin wata runduna ko shugaban wata makaranta yana jan kunne a kan rashin ɗa'a. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar ta daidai da "forgive", wato yafewa, saboda ƙamus yakan jera su wuri guda, amma a ganina wannan ɗauka tana karkatar da ma'ana fiye da yadda ake zato.

Wanda ya yafe ya riga ya yarda cewa an yi laifi, kuma galibi shi aka yi wa, sai dai ya zaɓi ya sauke fushinsa ya bar neman hakkinsa. Wanda ya yi "condone" kuwa ba lallai ba ne a ce shi aka cuta. Mutum ne da ya ga ana ɓarna, yana da ikon tsawatawa ko aƙalla nuna rashin jin daɗi, amma ya zura ido, har shirunsa ya zama tamkar amincewa. Shi ya sa yafiya abin yabo ce, alhali wannan kalma kusan kullum zargi take ɗauke da shi, kuma an fi jin ta a bakin mai nesanta kansa da wani aiki. Kalmomin Hausa da suka fi kusa da ita su ne kau da kai da lamunta, wani lokaci ma har da ɗaure gindi idan shirun ya yi yawa.

Tarihinta yana ƙara haska wannan bambanci. Asalinta daga Latin ne, inda take da ma'anar bayarwa kyauta ko yafe bashi da laifi, amma ba ta bazu a bakin jama'ar Ingila ba sai bayan dokar sakin aure ta 1857. A ƙarƙashin wannan doka, idan miji ya san matarsa ta ci amanar aure, sannan ya ci gaba da zama da ita kamar babu abin da ya faru, kotu tana ɗaukar cewa ya lamunci abin, don haka ba zai dawo daga baya ya kafa hujja da shi wajen neman saki ba. Dokar sakin auren rajista ta Najeriya ta 1970 ta gaji wannan ƙa'ida. Abin lura shi ne alƙali ba ya binciken ko zuciyar mijin ta huce. Zaman da ya ci gaba da yi shi ne shaida.

Ta fuskar nahawu ma akwai wurin da ake yawan tuntuɓe. Ana iya cewa "I forgive you", domin mutum ake yafe wa, amma "condone" aiki ko hali take bi, kamar satar jarrabawa, cin hanci ko dukan yara, ba sunan mai laifin ba. Idan aikatau ne zai biyo bayanta, sai ya zo da ɗafin "-ing", kamar a "condone cheating".

Sauran 'yan'uwanta ba su da wannan sarƙaƙiya. "Pardon" afuwar mai mulki ce, irin wadda Shugaba Shehu Shagari ya yi wa Odumegwu Ojukwu a 1982 har ya dawo gida daga gudun hijira, "excuse" kuma uzuri ne a kan ƙananan abubuwa kamar makara.

Masu fassara labarai su ne suka fi bukatar kiyaye wannan. Idan gwamna ya ce ba zai yi "condone" ɗin almundahana ba, aka fassara da cewa ba zai yafe ba, an sa masa alkawarin hukunta waɗanda suka riga suka aikata, alhali iyakar abin da ya faɗa shi ne ba zai lamunta ba.