Da Malam ya yi ritaya, inshorar lafiyata ta tsaya

Shekara 19 ina ƙarƙashin inshorar lafiya ta wurin aikin maigidana a Houston, ban taɓa tambayar nawa ake biya ba. Kati dai nake miƙawa a asibiti. Da ya cika 65 ya yanke shawarar ajiye aiki a ƙarshen watan Maris, ni kuwa a lokacin shekarata 59, ga hawan jini, ga ciwon suga.

Malam ya ɗauka Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati don tsofaffi, za ta haɗa mu duka biyu. "Ai ke iyalina ce, Hajiya," in ji shi. A Amurka ba haka abin yake ba. Medicare ta mutum ɗaya ce, kuma sai ka kai 65, in ba naƙasa ko wata lalura ta musamman gare ka ba. Ke nan ina da shekara shida da zan nemi mafita da kaina.

Takardar COBRA ta iso cikin farin ambulan, ta kwana uku a kan firij kafin mu buɗe. Doka ce da ta shafi kamfanoni masu ma'aikata 20 ko fiye, tana ba ka damar ci gaba da tsohuwar inshorar, galibi na wata 18. Amma kason da kamfani ke biya a da ya dawo kanka, har da ƙarin kashi 2 cikin ɗari. Na sa hannu saboda ba na son rabuwa da likitata, wadda ta san jikina tun zuwanmu. Na ce a raina in nauyin ya yi yawa sai in sauya.

Nan na yi kuskure. A watan Yuli, da muka ga kuɗin na cinye fansho, 'yarmu ta zaunar da ni gaban kwamfuta muka shiga HealthCare.gov, kasuwar inshorar da dokar Obama ta 2010 ta samar. Ashe wanda ya rasa inshorar wurin aiki kwana 60 kawai gare shi ya shiga kasuwar a tsakiyar shekara, namu kuwa sun ƙare tun ƙarshen Mayu. Barin COBRA don ganin dama ba ya sake buɗe ƙofar. Dole muka jira har 1 ga Nuwamba da aka buɗe rajista, muka kuma ci gaba da biyan COBRA har sabuwar inshorar ta fara aiki a Janairu.

Abin da ya kwantar min da hankali, ba a korar mutum ko a ƙara masa kuɗi don yana da suga. Shekaru ne ke tsadar da abin. Na zaɓi tsarin Silver, wato matsakaicin mataki a kasuwar, bayan na kira ofishin likitata na tabbatar suna karɓarsa, na kuma bi jerin magunguna ɗaya bayan ɗaya.

Tallafin da gwamnati ke bayarwa don rage kuɗin inshorar kuwa da kuɗin shigar gida gaba ɗaya ake lissafa shi, har da Social Security na Malam, wato fanshon gwamnati, da duk abin da ya ciro daga asusun ritayarsa na 401(k). Yana shirin ciro kuɗi masu kauri ya ƙarasa gininmu na Kano, na riƙe masa hannu, don in kuɗin shiga ya haura abin da muka rubuta, sai mun mayar da tallafin lokacin haraji. Ya yi ƙunƙuni kwana biyu. Bana dai rufi kawai za a yi, filasta sai baɗi.