Sana'ar Kai Mutane Tsauni a Dawo da Su Kafin Magariba

Duk mai kirana, tambayarsa ta farko ita ce nawa ne, ta biyu kuma wane wata ya fi daɗin hawa. Ta farkon nakan ce mu ajiye ta tukuna, domin amsar ta biyun ita ce ainihin aikina. Ƙaramin kamfani gare ni, mu shida ne, muna kai mutane yawon tsauni na wuni ɗaya a cikin gandun daji na ƙasa. A fita da asuba, a hau, a sauko kafin magariba, ba ma kwana a sama. Hanyoyin da muke bi ba su da yawa, amma kowacce tana sake hali da sauyin yanayi, kuma sanin halin nan nata shi ne jarinmu.

Da ɗaukar kaya na fara. Maigidana, Allah ya jiƙansa, tsohon ma'aikacin gandu ne, sai da na shekara biyu ina bin bayansa kafin ya yarda in shige gaba. Kullum idan muka isa bakin hanya yakan tsaya ya ce, "Yaro, dubi sama ka gaya mini ƙarfe nawa za mu juyo." Bai taɓa tambayata ko za mu kai ƙololuwa ba. In na ce, "Baba, ai gari garau yake," sai ya ɗaga sandarsa ya nuna mini wani ɗan farin gajimare da ya laɓe a kafaɗar dutse, ya ce in riƙa kallonsa. Kafin azahar sai ka ga abin nan ya kumbura ya yi baƙi, ya fara gunji.

Daga baya na fahimci dalili. Da damina rana takan dumama gangaren dutse tun da hantsi, iska mai ɗumi da laima ta hau sama, ta huce, ta zama hadari. Shi ya sa tsawar tsauni ta fi son bayan tsakar rana. Haka abin yake har a tsaunukan Rocky na Amurka, inda a watannin Yuli da Agusta ake gargaɗin masu hawa su bar tsirarar ƙololuwa kafin rana ta raba. Mu da damina ƙarfe 12 mun riga mun juyo, ko da saura taku ɗari mu kai. In walƙiya ta haska nakan ƙirga: kowane daƙiƙa 3 tsakaninta da ƙarar tsawa kimanin kilomita ɗaya ke nan. In bai kai daƙiƙa 30 ba, sai mu bar tudu da gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai, kuma ba ma komawa fili sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba.

Rafi ma da nasa karatun. Wanda ka tsallake da safe ruwa iyakar idon sawu, da yamma yana iya kai maka ƙugu, alhali ko ɗigo bai sauka inda kake ba, can sama aka yi ruwan. Alamarsa ita ce launin ruwa ya juya ja, ya fara kawo ganye da ƙirare. Ruwa mai gudu in ya wuce gwiwa ba na tsallakar da kowa. In kuma za a shiga, sai kowa ya kwance maɗaurin jakarsa na ƙugu, don in ya zame ya iya yar da ita.

A nan ne raina yake ɓaci da 'yan buga-bugar da suka cika sana'ar. Mutum ya hau dutse sau uku, ya buɗe shafi a Facebook, ya karya kuɗi, shi ke nan ya zama ɗan jagora. Ƙarfe 10 na safe suke tashi da mutane, saboda abokan ciniki ba sa son sammako, kuma suna yi musu alkawarin ƙololuwa kamar hadari a hannunsu yake. Wata damina muna saukowa muka tarar da ayarin ɗaya daga cikinsu a bakin rafi, ruwa ya yi musu duka. Wata baiwar Allah na zaune bisa dutse da jiƙaƙƙiyar rigar auduga, tana makyarkyata, harshenta ya fara nauyi. Jagoran nasu yana ce mata ta daure. Muka canza mata busassun kaya, muka lulluɓe ta, muka kare ta daga iska, sai da ta dawo hayyacinta muka sauko tare. Bai san cewa duk mita 1,000 da ka hau zafin iska na raguwa da kusan digiri 6.5 ba, kuma in aka haɗa jiƙa da iska, zafin jikin mutum na iya faɗuwa ƙasa da digiri 35 ko da ba lokacin ɗari ba ne. Auduga in ta jiƙe tana riƙe ruwa ta tsotse ɗumin jiki, shi ya sa nake hana sa ta a sama.

Ga kuma dillalan kaya. An taɓa kawo mini rigunan ruwa da tambari mai kyau, ruwan farko suka yoye ta ɗinki. Takalma ma na ga wanda tafinsa ya ɓare a rabin hanya. Tun daga nan duk rigar da ta shigo hannuna sai na sa ta na tsaya an kwara mini bokitin ruwa, kuma takalmi sai ɗayanmu ya hau da shi ya sauko kafin mu ba baƙo. Araha ba ta ado, balle a kan dutse mai santsi.

Kaka ita ce lokacin da na fi so, kuma ita nake ba wanda bai taɓa hawa ba. Ruwa ya ɗauke, sama ta wanke, kana hango nesa, rafuka da sauran ruwansu. Sai dai ciyawa ta yi tsawo ta rufe sawu, don haka dogon wando da sanda dole ne saboda maciji da kaska.

Da hunturu hanya ta bushe, tafiya ta yi sauƙi, sai mutane su saki jiki. Amma da asuba a can sama sanyi na ratsa ƙashi, iska kuma ba abin da ke tare ta. Hazo kan sauko ya shafe duk wata alama da ka saba gani. Ranar da Baba ya fara bari na in ja gaba cikin hazo, bai ce mini uffan ba har muka isa mararraba. Da na ɗauki hannun da ya dace, sai ya ce, "To, yanzu ka fara." Har yau ina jin daɗin kalmar nan. Duk ɗan jagoranmu yana tafe da taswira ta takarda da kamfas, domin sanyi na cinye batirin waya, kuma kowane baƙo da tocilarsa saboda wuni gajere ne. A ƙasashe masu dusar ƙanƙara abin ya fi haka tsanani. Dutsen Washington na Amurka tsayinsa mita 1,917 ne kawai, amma a 1934 an auna iska a kansa tana gudun kilomita 372 a awa. Nakan faɗa wa masu raina dutse don gajartarsa wannan labari.

Bazara kuwa maganar ruwan sha ce. Maɓuɓɓugan da muka dogara da su sukan ƙafe ɗaya bayan ɗaya, kuma mun san wacce ke fara ƙafewa da wacce ke jurewa har faɗuwar ruwa. Iskar sama na ruɗin mutum ya ga kamar ba rana, alhali hasken da ke ƙona fata yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari a kowane mita 1,000. Ciyawa ta bushe ƙayau, ashana ɗaya ta isa ta tayar da gobara, saboda haka ba mai kunna wuta a ayarina. Wanda ya fara ciwon kai da jiri da tashin zuciya bayan mun haura mita 2,500, sai in raba shi da ayari, ɗayanmu ya sauko da shi, domin ƙarancin iskar shaƙa sauka ce maganinsa.

Lokacin tafiya da lissafi nake tsara shi. Akwai ƙa'idar da wani ɗan Sukotland mai suna Naismith ya kawo a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Ita ce tushe, sai in ƙara a kai gwargwadon laka da zafi da ƙarfin wanda ya fi kowa rauni a ayarin. Masu cewa, "Malam, rage mana, wancan ya ce rabin haka," nakan tambaye su mutum nawa zai bi su. Mu jagora ɗaya ne ga mutum biyar, da wani a can baya wanda ba ya barin kowa ya zama na ƙarshe, ga akwatin magani, ga sanar da ma'aikatan gandu hanyar da muka bi da lokacin da za mu fito. In suka ji haka wasu kan tafi wurin wancan ɗin, wasu kuma su dawo.

Damina na ƙaratowa, don haka daga farkon ruwa tashinmu ƙarfe 5:30 ne na asuba. Wanda ya makara za mu sake masa rana, haka ma in hadari ya sa muka juyo ba mu kai ba. Ku zo da takalmin da ƙafarku ta riga ta saba da shi, rigar ruwa muna da ita.