Daga Kano zuwa Maraɗi: abin da buɗe reshen ƙungiya a ƙetare ya koya mini

Mota mai lafiya in ta bar Kano da hantsi, ta bi ta Katsina da Jibiya, kafin la'asar ta shiga Maraɗi. Wannan kusancin ne ya sa shugabannin ƙungiyarmu ta masu koyar da aikin jinya da ungozoma suka ga babu abin da ya kai buɗe reshe a Nijar sauƙi. Harshe ɗaya, dangi sun ratsa juna, cututtukan da muke fama da su iri ɗaya. Aka kafa kwamiti, aka ba ni sakatariya. Wasu daga cikin manyanmu har sun fara lissafin cewa daga Maraɗi sai Damagaram, daga nan Yamai, wata rana a ji mu a Kumasi da Garwa.

Reshen bai tsayu yadda aka tsara ba. Amma na fita daga aikin da fahimtar da ban samu a aji ba game da abin da ke riƙe ƙungiyar ma'aikatan lafiya a tsaye, da kuma dalilin da ya sa take yin sanyi da zarar ta haye iyaka.

Mu a nan, ma'aikaciyar jinya ba don son taro kawai take shiga ƙungiya ba. Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya ce ke ba ta lasisi, kuma lokaci-lokaci sai ta sabunta shi, sai ta nuna shaidar ta halarci horon ƙarin ilimi. Takardar da muke rabawa a ƙarshen taronmu tana da amfani a wannan layin, tana kuma shiga fayil ranar da za a duba ƙarin girma. Wato ƙarfinmu aro ne. Daga hukumar lasisi muka aro shi, da kuma gwamnatin da ke biyan albashi. Ranar da muka baje wannan takarda a gaban takwarorinmu na Maraɗi, wata dattijuwar ungozoma da ta daɗe tana koyarwa ta juya ta gaba da baya, ta ce, “Hajiya, takarda ta yi kyau, Allah ya saka. To amma wa zan kai wa ita?” Ba raini a muryarta. Tambaya ce ta gaskiya. Ma'aikatar da ke ɗaukarta aiki ba ta san tambarinmu ba, kuma matakan ƙarin girmanta ba su bi ta ƙofarmu ba.

Daga nan sai maganar wa ya cancanci zama ɗan ƙungiya. Tsarin mulkinmu ya ce sai mai rajista da hukumarmu. Muka ce a gyara, a rubuta “ko makamancinta”. Nan aka yi ta kai ruwa rana, domin matakan ba su hau kan juna ba. Da yawa daga cikinmu mun yi shekara 3 a makarantar jinya, sannan muka ƙara wata 18 muka zama ungozoma, mutum ɗaya da takarda biyu. A can, ungozoma hanyarta daban tun daga farko, kuma akwai rukunin ma'aikatan lafiya na matakin farko da ake ɗauka tun kafin su gama babbar sakandare, waɗanda su ne ke riƙe da ƙananan ɗakunan shan magani na karkara da aka gina da yawa a zamanin Shugaba Tandja Mamadou. In ka ce su daidai suke da ma'aikatan lafiyar al'umma na wajenmu, ba ka yi daidai ba. In ka ce nas-nas ne, namu za su tayar da ƙura. Alhali a aikace mace guda a irin wannan ɗaki tana karɓar haihuwa, ta yi rigakafi, ta duba yaro mai tamowa, ta rubuta rahoton wata. Ni dai a raina na fi ganin girman wadda ke wannan aikin a kan mai tarin takardu da ba ta taɓa kwana a ƙauye ba. Amma ƙungiya ba da ganin girma take rajista ba.

Na ɗauka Hausa za ta share mana hanya, kuma ta share rabinta. A wajen cin abinci da gaisuwa da zancen marasa lafiya, ba mai cewa ga baƙo ga ɗan gari. Da an buɗe littafin koyarwa kuwa, sai kowa ya koma gidan da ya yi karatu: mu Ingilishi, su Faransanci. Sunayen magunguna, taƙaitattun haruffan da ake rubutawa a katin mai ciki, har ma'aunin sukari a jini, kowa da irin nasa. Ba mu da littafin aikin ungozoma na matakin ƙwararru da aka rubuta da Hausa wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi. Sai ga Hausawa biyu, ɗaya Bakatsiniya ɗaya Bagobira, suna jiran tafinta ya fassara musu darasin zubar jini bayan haihuwa. Kuɗin tafinta da fassarar takardu su suka fi cin kasafinmu, kuma ba wanda ya sa su a lissafi tun farko.

Da abin ya ishe ni na koma na bi tarihin waɗanda suka riga mu, sai hankalina ya ɗan kwanta, don na ga ba a kanmu aka fara ba. Likitocin tiyata na Afirka ta Yamma sun kafa ƙungiyarsu a Ibadan tun 1960, Sir Samuel Manuwa ne shugabanta na farko, daga baya ta zama kwaleji mai shirya jarrabawar ƙwarewa. Ta likitocin da ba na tiyata ba ta biyo baya a 1976, da ƙasashe 5 masu amfani da Ingilishi: Najeriya, Gana, Saliyo, Laberiya da Gambiya. A ɗaya ɓangaren, ƙasashe rainon Faransa suna da nasu tsarin: likita yana samun ƙwarewa ne ta hanyar difloma ta jami'a, kuma majalisar CAMES, wadda aka amince da kafa ta a taron Yamai na 1968, mai hedikwata a Wagadugu, ita ke tantance takardu da ƙarin girman malaman jami'a. A wajenmu ƙungiyar ƙwararru ce ke cewa wane ya ƙware. A wajensu jami'a da gwamnati ke faɗa. Wannan ba bambancin harshe ba ne, bambanci ne na wanda ke riƙe da hatimi. Shi ya sa ko da kwalejojin suka samu 'yan ƙungiya a Dakar da Abijan da Kwatano, matashin likita a can bai bar hanyar diflomarsa ya zo ya zauna jarrabawar Ibadan ba, don ba ita za ta ba shi kujera a asibitin ƙasarsu ba.

Gwamnatoci ma sun sha wannan wahala. A 1987 aka sa hannu a kan haɗe hukumar lafiya ta masu Ingilishi da ta masu Faransanci su zama ɗaya, wato Hukumar Lafiya ta Afirka ta Yamma, WAHO, a ƙarƙashin ECOWAS, da mazauni a Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso. Ba ta fara aiki sosai ba sai a 2000. Shekara 13 tsakanin sa hannu da buɗe ofis. Ta yi ƙoƙari wajen daidaita manhajar karatun likitoci da ma'aikatan jinya a yankin, kuma mun amfana da wannan manhaja a tattaunawarmu, don ita ce takarda ɗaya tilo da kowa a teburin ya san da ita. Sai dai daidaita manhaja daban, ba da lasisi daban. Har yau wadda ta gama a Damagaram ba za ta sa farin kaya ta kama aiki a Daura ba sai ta bi ta hukumarmu, haka ma tamu in ta haye.

Akwai kuma abin da ba a faɗa a gaban baƙi, wato nauyin Najeriya. Duk ƙungiyar yanki da muka shiga, yawanmu kan rinjayi kowa: mu ne mafi yawan masu biyan kuɗi, mu ne mafi yawan masu ƙuri'a, sakatariya kuma galibi a Legas. Ko Gana, da muke harshen boko ɗaya, ta kafa kwalejinta ta likitoci a 2003 don ta horar da ƙwararrunta a gida. To ina ga Nijar? Kalmar “reshe” da muka zo da ita tana nufin uwa tana Kano. Wani malami a cikinsu ya ce mini cikin raha, “Malama, mu ma fa muna da ƙungiyoyinmu da shugabanninmu. Ku zo a yi zumunci, amma kada ku zo da kujera a ka.” Dokar ƙasar ma ba ta bar abin sakaka ba: tun dokar ƙungiyoyi ta 1984, ƙungiyar waje ba ta buɗe ofis ta fara karɓar kuɗi sai da izinin hukuma, kuma rajistarmu ta Abuja ba ta wuce Jibiya ba.

Maganar kuɗi kuwa gajeriya ce. Sefa a ɗaure take da yuro, kusan 656 a kan yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira kuma da aka sake ta a watan Yunin 2023, daga wajen 460 a kan dala ta haura 1,400 a farkon 2024. A lokacin jikar sefa, wato sefa 1,000, ta wuce naira 2,000. Kasafin da aka amince da shi a naira don kama ɗakin taro da masauki a Maraɗi ya narke kafin a taɓa shi. Tura kuɗi ta banki tsakanin garuruwa biyu da ke maƙwabtaka ya fi kai shi da hannu wuya, ma'ajin ƙungiya kuma ba zai rubuta “ɗan canji” a littafin da mai binciken kuɗi zai duba ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki daga gida ya fito. 'Yan ƙungiyarmu da yawa, musamman matasa, da suka ji an ce za mu zama ƙungiyar ƙasa da ƙasa, ba Maraɗi suka hango ba. Ingila suka hango, da Saudiyya da Kanada. Tambayar da aka fi yi mini ita ce ko katin ƙungiya zai taimaka wajen tantance takardu don fita. Ba na ganin laifinsu. A farkon 2024 hukumar jinya da kanta ta ce sama da ma'aikata 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara 3, kuma da ta fito da sharaɗin sai an yi aikin shekara 2 kafin a tantance wa mutum takardunsa, nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Takwarorinmu na Nijar su ma in suna mafarkin ƙaro karatu, Dakar suke kallo ko Maroko ko Faransa. Muna zaune kafaɗa da kafaɗa, kowa ya ba ɗan'uwansa baya yana hangen teku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Najeriya da Nijar duka a jerin ƙasashe 55 da ta ce a 2023 kada a riƙa zuwa ana kwashe musu ma'aikatan lafiya. Duk ƙungiyar da ta yi nasarar sa takardarta ta karɓu a ƙasashe da yawa, ta sani cewa ta kuma sauƙaƙa wa mutanenta hanyar tafiya. Na ji ana muhawarar nan a kwamiti har murya ta tashi, ba a kuma rabu da matsaya ɗaya ba.

Sai siyasa ta zo ta rufe sauran. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ECOWAS ta sa takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. A daidai wannan lokacin mashaƙo yana kashe yara a Kano, ya kuma ɓulla a Matamaye ta jihar Damagaram, tsallaken Daura kaɗan. Cuta tana yawo abinta, ma'aikatan da ya kamata su haɗa kai kuwa ba hanya. A watan Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS, wato ita kanta WAHO ta wayi gari hedikwatarta tana cikin ƙasar da ta bar ƙungiyar. Inuwar da muke fakewa a ƙarƙashinta in muna rubuta wasiƙa ga hukumomi ta tafi.

A duk tsawon wannan lokaci abu ɗaya ne bai tsaya ba: zauren WhatsApp da malaman ɓangarorin biyu suka buɗe da kansu, ba da umarnin kwamiti ba. A ciki ake turo saƙon murya da Hausa, wata ta tambayi yadda ake koya wa ɗalibai auna jinin da mai jego ta zubar, wata ta turo hoton jadawalin naƙuda ta ce a duba mata. Ba kati, ba kuɗin shiga, ba shugaba. Wannan ya tuna mini da yadda aikin gyaran yoyon fitsari ya bazu a yankin nan. Dakta Kees Waaldijk ya shafe shekaru a Babbar Ruga ta Katsina yana yi wa mata aiki yana horar da likitoci da ma'aikatan jinya, ciki har da na Nijar, kuma yau akwai cibiyar wannan aiki a Danja kusa da Maraɗi. Abin da ya haye iyaka a nan hannu ne da ya iya aiki, mai koyo ya tsaya kusa da mai koyarwa har ya iya. Ba wanda ya tambayi wani lambar rajista kafin ya nuna masa yadda ake ɗinki.

Shawarar da na rubuta wa shugabanni a rahotona na ƙarshe ke nan: a ajiye maganar reshe, a nemi ƙungiyar da ta riga ta tsaya da ƙafarta a can, a yi yarjejeniya a kan aiki guda mai iyaka, horon dakatar da zubar jini bayan haihuwa, kowane ɓangare ya ba mutanensa takardar da hukumarsa ta sani, a riƙa karɓar baƙunci bi da bi, kasafi kuma a rubuta shi da sefa. Wasu manyanmu ba su ji daɗi ba, don “reshenmu na Nijar” ya fi daɗin faɗa a taron shekara. An dai amince da rinjaye kaɗan. Daftarin yarjejeniyar yana hannun takwarorinmu, sun ce sai sun ji ta bakin ma'aikatarsu kafin su sa hannu, mu kuma muna neman wanda zai fassara littafin horon zuwa Faransanci a kan kuɗin da za mu iya biya.